Lokacin da Na Zama Keziya

Sunana Liyatu, amma a unguwarmu a Kankia in ka tambaya da wannan suna sai an daɗe ana tunani. Ka ce Kaka Mai Inji, nan take za a nuna maka ƙofa. Injin markaɗe ne, ja, tsoho, wanda in ya tashi ba ka jin kiran sallar masallacin bayanmu, ba ka kuma jin ƙararrawar cocinmu. Shekarun da na yi a gindinsa sun rage mini ji, sun ƙara mini murya. In na yi raɗa, har gida na uku ana amsa mini.

A wani ƙauye kusa da Sukuntuni aka haife ni. Iyayena Maguzawa ne da suka karɓi bishara ina goye. Ban shiga boko ba. A ajin manya na coci na koyi karatu bayan na yi aure, kuma littafi ɗaya tak na taɓa karantawa daga farko har ƙarshe, Littafi Mai Tsarki. Shi ya sa ko saƙon cefane na rubuta sai ya fito kamar wasiƙar manzanni. Mijina Istifanus kafinta ne. Shi ya kawo ni Kankia, shi ya saya mini injin, ya ce in ya riga ni tafiya kada in zauna ina kallon hannun kowa. Ya kuwa riga ni, tun gashina bai gama fari ba.

A da ni ke ba da waƙa a Zumuntar Mata, ƙungiyar matan cocinmu. Da muryata ta fara tsatsa matan ba su faɗa mini ba, don mutanen kirki ne. Sai suka ce ba wadda ta iya buga tulu kamata, in koma tulu. Da aka ɗan jima suka ce ai caki ya fi dacewa da babba. Yanzu ina benci na baya da cakina, ina kuma rera waƙar da ƙarfi don su san ban yafe ba.

Keziya jikata ce, ɗiyar Rahila. Ubanta ya rasu tana rarrafe, uwarta kuma tana aikin girki a wata makarantar kwana a Zariya, don haka a hannuna ta tashi. Lokacin da abin nan ya faru shekararta sha shida. Muryar da na rasa, a wuyanta na same ta, har da ƙari. In ta ɗaga waƙa ranar Lahadi, dattawan da ke gyangyaɗi a sujadar coci sai su farka su gyara zama.

Uwarta ta aiko mata da waya mai shafawa don su riƙa ganin juna. Da bikin Ista wata ƙawarta ta ɗauke ta bidiyo tana waƙa, suka sa a Fesbuk, suka rubuta sunanta da sunan coci da garin. Ni na fi kowa murna. Duk wadda ta kawo markaɗe sai na kashe inji na nuna mata, ko tana sauri ko ba ta sauri. Ni ce ma na ce su ƙara wani, a ɗauke ta a ƙofar gida inda haske ya fi kyau.

Shiru na fara lura da shi. Yarinyar da ke wanke-wanke tana waƙa har kaji su watse, sai ta koma zagayawa bayan ɗaki tana rera wa waya waƙa ƙasa-ƙasa. Ta ɗauko tsohuwar jakar uwarta ta wanke ta shanya. Wata rana muna tsince wake ta ce, "Kaka, in Ubangiji ya buɗe wa mutum ƙofa ya ƙi shiga, zunubi ne?"

Na ce, "Ya danganta da ƙofar." A zatona maganar jarrabawa take.

Wata safiya ta tafi makaranta ta bar wayar a caji, don ba a barinsu su shiga da ita. Ina shara sai ta yi haske. Ba leƙe na yi ba, tsintsiya ce ta kai ni wurin. Na sa tabarau na karanta abin da ya fito a fuskarta.

"Kada ki faɗa wa tsohuwar nan tukuna. Sau da yawa da na gida Shaiɗan ke tare wa mutum albarkarsa."

Da zan ƙawata labarin sai in ce tsoro ne ya fara kama ni. Ba shi ba ne. "Tsohuwar nan" ce ta fara yi mini zafi. Sai da na zauna a bakin gado na ƙare jin haushin wannan, sannan sauran maganar ta iso mini.

Da ta dawo ban bari ta cire kayan makaranta ba. Na ajiye wayar a tabarma tsakaninmu na ce ta buɗe. Ta yi kuka, ta yi rantsuwa, daga baya ta buɗe. Sunansa Ɗan'uwa Silas. A hoto mutum ne mai kwat da murmushi, riƙe da Littafi a gaban bagaden coci. Ya ce yana da ƙungiyar mawaƙan bishara a Kano, ya ga waƙarta, Ruhu Mai Tsarki ya ce masa ita ce wadda yake nema. In ta je wurinsa Kano zai ɗauki waƙoƙinta, ya biya mata makaranta har jami'a.

Na ce, "Kin taɓa jin muryarsa?"

"Kullum yana cikin taro, Kaka."

"Fastonmu ya san shi?"

"Ya ce kada a faɗa wa Fasto, fastocin ƙananan garuruwa hassada gare su."

"Uwarki fa?"

Ita ma ba a faɗa mata ba. Na ɗauki wayar na ƙulle a bakin zane. Ta miƙe tana share hawaye, ta ce, "Ke dai don an cire ki daga waƙa ne ba ki so ni in ci gaba." Ta shige ɗaki. Daga ranar sai gaisuwar dole ke haɗa mu. Maganar tata kuwa ta zauna mini a ƙirji kamar ɗanyen wake.

Katanga ɗaya ta raba ni da Kubura. Ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, a injina take markaɗe tun zuwana garin. Ita Musulma ce, tana aiko mini da naman Sallah ina aika mata da shinkafar Kirsimeti, kuma ita kaɗai ta rage mai kirana da sunana. Na faɗa mata komai. Ta ce, "Liyatu, ɗauki mayafinki ki tafi wurin Fastonku yanzun nan."

Na ce a'a. Na saurari wasannin rediyo da yawa, na san yadda ake ɗana wa mugu tarko. Ni da kaina zan ja shi a hankali har ya fito fili.

Kubura ta ce, "Ke da ba ki iya kashe tocilan wayarki ba?"

Na sa Keziya ta cire makullin wayar tana ƙunƙuni, na zauna da tabarau da yatsa ɗaya. Saƙona na farko na rubuta masa, "Salama a gare ka, ɗan'uwa, alheri ya yawaita." Da na tura na gane ba wata yarinya mai shekara sha shida da ke magana haka. Na ce shi ke nan, na tona kaina. Sai ga amsa: ya ce yana jin daɗin yadda nake girma cikin Ruhu.

Haka muka ci gaba. Kowace safiya sai ya rubuto, "Kin tashi lafiya? Kin karya kumallo?" Da rana ya ce kada in gajiyar da kaina da aiki. Da yamma ya ce ya tuna da ni a addu'a. Ku yi mini adalci. Tun rasuwar Istifanus ba wanda ya tambaye ni ko na karya. Masu zuwa wurina tambayarsu ɗaya ce, ko an kawo wuta, ko layinsu ya zo. Na san sarai mutumin nan mugu ne, na san ba da ni yake ba, amma sai na sami kaina ina kashe inji a tsakiyar markaɗe don na ji kamar wayar ta motsa. Wata mai ƙosai ta tsaya da ƙullunta rabi a inji rabi a roba, ni ina can ina neman harafin "y" da yatsa. Ranar da saƙon safe ya makara, har na ji ba daɗi.

Kubura ta leƙo ta katanga ta ce, "Yaya tarko?"

Na ce, "Yana tafiya."

Ta ce, "Na gani. Wa ya faɗa ciki?"

Sannan ya nemi sabuwar waƙa. Ya ce in aiko da saƙon murya, zai sa wa dattawan ƙungiya su ji. Ba zan roƙi Keziya ba, tana fushi, kuma ba na so muryarta ta sake zuwa wurinsa. Na jira ta tafi makaranta, na rufe ƙofa da taga, na sha ruwan ɗumi da citta. Na matse maƙogwaro na rera wata tsohuwar waƙar yabo da siririyar murya, irin ta akuyar da aka ɗaure nesa da ɗanta. Na tura. Ban gama gyara ɗankwali ba amsa ta shigo.

"Muryar mala'ika! Har na yi hawaye. Duk wanda ya ji sai ya tuba."

Wunin ranar da kyar ƙafata ke taɓa ƙasa. Na ce ashe matan Zumunta ne ba su da kunne. Na yi wa wata markaɗe kyauta. Da Keziya ta dawo na kasa riƙe abin a ciki, na miƙa mata wayar na ce, "Karanta. Kin ce an cire ni daga waƙa."

Ta karɓa ba ta ko dube ni ba. Ta kunna waƙar tawa. Duk fushinta sai da ta toshe baki da hannu, kafaɗunta na rawa. Can sai dariyar ta tsaya. Ta matso da wayar kusa da ido.

"Kaka, bai saurara ba."

"Kamar yaya? Ga shi ya ce ya yi hawaye."

Ta nuna mini wata 'yar alama a gefen saƙon. Ta ce in mutum ya kunna saƙon murya, alamar kan koma shuɗiya. Tawa tana nan fari-fari kamar toka. Na buɗe baki zan yi gardama, sai na ga yatsanta na jan saƙonnin sama, tana komawa baya, can baya, wurin nata waƙoƙin da ta riƙa rerawa a bayan ɗaki. Ta duba ta farko. Ta duba ta biyu. Ta bi su duka har ta ƙarshe. Ba ko ɗaya da ta yi shuɗi. A ƙarƙashin kowace kuwa ga yabo, mala'ika, hawaye, tuba.

Ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta ce, "To mi yake so da ni?"

Na zauna kusa da ita, mu biyu da aka yaba wa murya ba a ji ba, har kaji suka fara shiga akurki.

Washegari na rubuta masa cewa ina jin tsoron tafiya, a bari sai na gama makaranta. A nan na ga ɗayar fuskar. Ba tambayar kumallo. Ya ce na yi alkawari a gaban Allah, mai karya irinsa ba ya gamawa lafiya. Ya ce ya riga ya kashe abubuwa da yawa saboda ni. Sannan ya rubuta, "Na san gidanku, mai jan inji a ƙofa. Na san launin kayan makarantarku da hanyar da kike bi. In ba ki zo ba ni zan aiko."

Na fita ƙofar gida na tsaya ina kallon titi. Mai rake, masu kabu-kabu a kan baburansu, wani mutum a gindin darbejiya yana danna waya. Kowa sai ya zame mini Silas. Daga baya na gane duk abin da ya lissafa yana cikin hotunan da muka sa da hannunmu, amma a lokacin ƙafafuna ba su yi wannan lissafin ba. Na ɗauki mayafi na tafi wurin Fasto, kamar yadda Kubura ta ce tun farko. Ta katanga ta bi ni da kallo, ta yi mini alheri ba ta ce "ai na faɗa miki" ba.

Fasto ya karanta saƙonnin a tsaye. Da ya zo kan "alheri ya yawaita" ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya ci gaba. Ya yi addu'a gajera, wadda ban saba ji daga bakinsa ba, ya ɗauke ni a babur zuwa wurin 'yan sanda. Jami'in da ya saurare mu ya ce in koma in amsa wa mutumin cewa na yarda, in bar shi ya faɗi wuri da rana. Ya ce Keziya kada ta sake fita ita kaɗai.

Silas ya zaɓi Kusada, ranar kasuwa, a tashar mota, da hantsi. Ya ce a Kankia idon sani ya yi yawa. In zo ni kaɗai da 'yar jaka da ɗankwali ruwan ɗorawa, za a zo a ɗauke ni.

Aka tsara. Keziya za ta wuni a gidan Fasto. Jami'ai biyu za su zauna a tashar cikin kayan gida. Kubura tana da ƙane a Kusada, Gajere, ɗan kabu-kabu ne a bakin tashar, ta kira shi ya ce zai sa abokan sana'arsa su buɗe ido. Ni kuma jami'in ya so in zauna a gida, amma ba wanda ya iya rubutun manzanni sai ni, in mutumin ya aiko da saƙo dole a amsa masa da irin muryar da ya saba. Ya ce to in zauna nesa, in rufe bakin wayar, kada in yi hira da kowa.

Keziya ta rufe mini ƙarar wayar kafin in fita. A cikin mota na tuna kunnena, na ce in saƙo ya shigo ban ji ba fa? Na danna maɓallin gefe har ya ƙure.

Na sami benci a rumfar wata mai fura, na zauna ina fuskantar tasha, wayar na ƙulle a zane. Kasuwa ta fara cika, ana sauke buhunan gero, 'yan Fulani mata na wucewa da ƙoren nono. Ni kuwa kwat nake nema. Duk namijin da ya sauko daga mota sai na auna fuskarsa da ta hoton. Na zargi wani malamin makaranta, na zargi wani mai tallan magani, na harari wani bawan Allah har ya duba rigarsa ko wani abu ya zuba.

Wata mata ta zo ta zauna a gefena. Ba za ta wuce shekara arba'in ba, da mayafi mai kyau, da ƙamshin turare, magana a hankali. Ta ce, "Sannu Mama, a ɗan matsa mini?" Ta sayi fura ta ce a dama mini ni ma. Na ce na gode, ta ce ai uwa uwa ce. Ta ga ina murza gwiwa ta tambaye ni ciwo ne, na ce tun bara. An ce kada in yi hira da kowa, amma a ganina ana nufin maza. Na ba ta labarin gwiwar tun daga farkonta. Ta faɗa mini wani man shafawa, na faɗa mata na Kubura ya fi. Ta ce ɗiyar yayarta take jira daga Kankia, za ta kai ta makaranta, ga shi yarinyar ta makara.

Na ce, "Yaran yanzu ai sai haƙuri. Ni ma daga Kankia nake. Ɗiyar wa ce? Wataƙila na san gidan."

Ta yi murmushi ta ce ba lalle in sani ba, baƙi ne. Ta duba tasha, ta duba agogo. Ni ina ta shan furarta ina tausaya mata, har ina taya ta leƙen motocin da ke shigowa. Ta ce bari ta kira yarinyar ta ji inda take. Ta fito da waya ta danna, ta kai kunne.

Sai muryar Keziya ta tashi daga ƙuguna. Waƙarta ta Ista ce ta sa a matsayin ƙarar kira, ga shi na ƙure maɓalli. Mai fura ta waiwayo. Matar ta dubi zanena, ta dubi fuskata. Ni ma na dube ta, ludayi a hannuna, fura a leɓena. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba, waƙa na ta tashi a tsakaninmu.

Ta miƙe a hankali kamar wadda ta tuna wani saƙo. Na kai hannu na cafko mayafinta. Ta sunkuya ta zare kanta ta bar mini shi, ta nufi bayan tasha da sauri. Na yunƙura zan bi ta, gwiwar da muka gama tattaunawa ta ce ba da ita ba, na zube a kan benci, ƙwaryar fura ta bi ni. Abu ɗaya ya rage mini. Na cika ƙirji na kwarma ihu da muryar gindin inji.

"Gajere! Ku tare ta! Mai shuɗin leshi! Ɓarauniyar yara ce!"

An ce har masu awo a can ƙarshen kasuwa sai da suka ɗago. Matar ta kai ga wata ƙaramar mota da ke fake a bayan rumfunan masu faci, ta faɗa ciki, direba ya tayar. Kafin ya juya kan motar Gajere ya gicciya babur ɗinsa a gabanta, wasu biyu suka rufe baya. Jami'an suka iso a guje, ɗaya da guntun rake a hannu. Su suka hana mutane taɓa matar da direban, don kasuwa ta riga ta taso.

Aka ɗago ni, na ɗingisa zuwa wurin, fura na ɗiga daga zanena. A kujerar baya akwai yarinya zaune, da hijabi, da jakar leda a cinya. Ba ta kai Keziya ba. Sunanta Murja, daga Ƙofa. Tana ta cewa a ƙyale su, ita Kano za ta, Malam Abdullatif ne ya aiko a ɗauke ta, zai sa ta a makarantar haddar Alƙur'ani kyauta don ya ji karatunta a waya ya yaba. Jami'in ya karɓi wayar da ke hannunta, ta yayanta ce ta ɗauko, ya duba lambar Malam Abdullatif. Ya karɓi tawa ya duba ta Ɗan'uwa Silas. Lamba ɗaya ce. A wayar Murja hoton wani mai rawani ne da carbi.

Yarinyar ta harare ni kamar ni na tare mata arziki. Na san wannan harara, na sha ta a gida. Na zauna kusa da ita a ofishin 'yan sanda har iyayenta suka iso. Uwarta ta shigo ba takalmi, tun safe suke nemanta a gonaki.

Shi mutumin ba a kama shi ba, iyakar sanina. Kafin la'asar lambar ta mutu. Matar ta ce ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, a waya yake ba ta umarni, aikinta ta kai yara wani gida a bayan gari ta miƙa su ta juyo. Ta faɗi gidan, aka je aka tarar an kwashe. Hotunan biyu kuma na wasu bayin Allah ne da ba su san ana yawo da fuskarsu ba. Ita da direban suna hannu, maganar tana kotu, an kira ni na ba da shaida, alƙali ya roƙe ni in rage murya.

Rahila ta zo daga Zariya a ranar da ta ji. Ta rungume ɗiyarta, sannan ta juyo kaina ta yi mini faɗan da ban taɓa yi mata irinsa ba, don mi ban kira ta tun ranar farko ba. Na ce gwiwata na ciwo. Su biyu suka zauna suka goge hotunan ƙofar gida da na makaranta, suka rufe shafin yadda sai wanda Keziya ta sani ido da ido zai gani. Wayar ta koma hannunta. Sharaɗin uwarta ɗaya ne, duk wanda ya ce mata kada ta faɗa wa na gida, a ranar za ta faɗa.

Fasto ya sa na yi wa matasa magana bayan sujada. Na shirya jawabi mai ayoyi, amma da na tsaya sai na ba su labarin yadda ya faru, har da waƙar akuya da furar. Sun yi dariya har wasu na riƙe ciki. Bayan an tashi 'yan mata biyu suka same ni a gefe, kowace da wayarta da wani mai yabonta da ba ta taɓa gani ba. Kubura ma ta ja ni zuwa Islamiyyar matan unguwa, na maimaita, malamarsu ta ce in dawo in yi wa ajin 'yan mata.

Keziya ta daɗe ba ta ba da waƙa a coci ba, ban kuma matsa mata ba. Wata rana tana shafa mini mai a gwiwa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kaka, da a ce ba ki ga saƙon ba, da na tafi."

Na ce, "Na sani."

"Ba ki ganin wautata?"

Na ce, "Ke shekararki sha shida. Ni da na haura sittin na sha furar matar har da neman ƙari." Ta yi dariya, hawaye na sauka a kan gwiwar, ta haɗa da man ta shafe.

Bayan girbi mahaifin Murja ya zo daga Ƙofa a kan keke, dattijo mai ƙarancin magana. Ya durƙusa a ƙofa ya yi godiya, ya ce Murja ta koma makarantar garinsu, ya sauke mini zabuwa ɗaure da igiya. Na ce ba sai ya yi haka ba, ya ce sai ya yi. Da ya tafi na ga igiyar ta matse mata ƙafa, na ce bari in sassauta mata kaɗan. Ta fizge, ta bi ta kaina, ta haye darbejiyar ƙofar gida.

Na yi mata watsin dawa, na yi mata kira, Gajere da ya zo gaishe da yayarsa ya hau bishiyar ya sauko da tsagaggen wando. Har yau tana unguwar. A gidan Kubura take kiwo, a kan rufina take kwana, ƙwanta kuwa ba wanda ya san inda take zubawa. Mutane na zuwa ganin matar da ta kama masu satar yara a Kusada, sai su tarar da ni a tsakar gida da faifai a hannu, ina lallashin zabuwa ta sauko.